Rasuwar Sarkin Gangara a Hawan Dschang

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai cike da tsami, Dongmo ɗan Fopa, a madadin kansa da ɗaukacin gidan Fopa na bayan Dschang, da kuma ƙungiyar mahaya keke ta Bafoussam, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekensa, wanda jama'a suka fi sani da Sarkin Gangara. Ya rasu ranar Asabar da ta gabata da yamma, a tsakiyar hawan Dschang, bayan gajeriyar jinya da doguwar wahala. Ya cika a bakin aiki, da kaya a bayansa, da akuya a samansa.

Ba wanda zai iya faɗin shekarun marigayin. Kakan Dongmo ne ya saye shi wata shekara da gahawa ta yi albarka, ya turo shi gida a ƙasa don kada tayarsa ta cinye. Ya ɗauki buhunan gahawa, ya ɗauki majinyata zuwa asibiti, ya ɗauki amare biyu da wani limamin coci mai ƙiba. Da babura suka cika gari aka jingine shi a ɗakin masara, ya zauna can cikin haƙuri, kaji suna kwana a kansa, har ranar da Dongmo ya jawo shi waje ya wanke shi da kananzir.

Marigayi baƙi ne wuluk, mai nauyi kamar garmar shanu. Giyarsa ɗaya, kuma bai taɓa sha'awar ta biyu ba. Ya kasance mai yawan magana: in ana tafiya a miƙe yakan ce ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa, in an fara hawa sai ya koma wani dogon nishi, iiiiƙ, irin na tsohon da ake tayarwa daga tabarma. Ƙararrawarsa ba ta amsa yatsa, sai dai in an faɗa rami ta buga don kanta, bayan an riga an faɗa. Birkinsa kuwa shawara ake ba shi, yakan karɓa yakan ƙi. A kan tudu babu mai tawali'unsa, yakan bar kowa ya wuce, har da mata masu ɗauke da itace. Amma da zarar hanya ta sunkuyar da kai, to, a ba shi wuri. Daga nan ya samo sarautarsa, kuma babu wanda ya taɓa neman ƙwace ta.

Ya kamata masu ta'aziyya su san abin da ya fitar da dattijo irin wannan daga gida cikin damina.

Dongmo ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, saboda tagar ajin tana kallon titi. Ya shiga koyon kafinta, ya bari da kujera mai ƙafa uku a hannunsa. Ya sayar da takalma a kasuwar Bafoussam, ya yi yaron mota, ya yi kiwon zomo har zomayen suka gaji da shi. Abu ɗaya ne bai taɓa gundurarsa ba, kwance keke da ɗaura shi. Mahaifinsa, Baba Fopa, yana da wata rumfa a kulle a bakin titin ƙauyensu, kuma Dongmo ya daɗe yana roƙon mabuɗinta don ya buɗe wurin gyaran keke. Wani tela ma yana son rumfar, har ya zo ya auna ƙofa.

"Kai ko rake ka sha sai ka bar gaɓa," in ji Baba Fopa. "Na ji za ku yi zagayen nan naku na masu matsattsen wando. To, je ka. In ka shigo gidan nan ba a bayan mota ba, sai mu yi maganar mabuɗi. In mota ce ta kawo ka, tela ya shiga ranar kasuwa."

Zagayen da ake magana shi ne wanda ƙungiyar ke yi kowane babban hutu, lokacin da sabuwar masara ta fito: a tashi daga Bafoussam, a bi ta Bandjoun da Bangangte, a ratsa Bafang, a gangara kwarin Santchou, sannan a hau dutsen nan a ɓulla Dschang. 'Yan ƙungiya sun zo da kekuna marasa nauyi waɗanda yaro zai ɗaga da yatsa, da hulunan kwano masu ramuka. Dongmo ya zo da marigayi.

Simo, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ya zagaya keken sau ɗaya ya ce, "Aboki, wannan keke ne, ko ƙofar gidan sarki aka sa wa taya?"

Shugaban tafiyar, Kyaftin Wamba, tsohon ɗan tsere mai furfura da ƙwauri kamar sanda, bai yi dariya ba. Ya nuna a-kori-kurar da za ta biyo su da jakunkuna, ya ce ƙa'idarsu ɗaya ce: wanda ya gaji ya tura, wanda ya faɗi ya tashi, amma duk wanda shi ko kekensa ya hau bayan waccan motar, tafiyarsa ta ƙare.

Iyalan marigayin suna so a shaida cewa ya bar Bafoussam da ƙoshin lafiya. Safiyar nan ma waƙa yake yi. Masara ta rufe tuddai har sama, wake yana bin ta, jar ƙasa tana tururi bayan ruwan asuba, yara suna bin su a guje suna kirga kekuna. A kowane hawa Dongmo na ƙarshe, a kowace gangara Dongmo na farko, yana wuce masu hular kwano da ƙafafu a buɗe, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu.

Ciwon ajali ya fara ne a Bandjoun, a ƙofar Goggo Meli.

Baba Fopa yana da yayye mata uku, kuma aure ya shuka kowacce a kan hanyar nan kamar da gangan. A gidan Fopa akwai abin da aka gada: in 'yar gida ta ɗaura wa ɗan'uwanta saƙo da hannunta, ba mai kwance shi sai shi wanda aka aika wa, a ƙofarsa. Kowace goggo da irin ƙullinta, kuma Baba Fopa ya san su kamar yadda ya san muryoyinsu. An taɓa yin wani ɗan gidan da ya kwance ya sake ɗaurawa, har yau ba a aikensa ko da sayen gishiri.

Goggo Meli tana tsaye a bakin titi da rabin buhun wake da ƙunshin koki, alalen ƙasarsu, mai zafi a ganyen ayaba.

"Goggo, tsere muke yi, ba fatauci ba," in ji Dongmo.

"Tsere da wa, ɗana? Kowa ya riga ka wucewa, tun ɗazu nake ganinsu. Za ka je wa ƙanena hannu rabbana ne, a ce Meli ta mutu? Riƙe nan."

Ta ɗaure da tsohuwar robar taya, ta ja har ta ɗaga ƙafa ɗaya. Marigayi ya ce iƙ, a hankali, ya karɓa. Bai taɓa mayar da kaya ba a rayuwarsa.

Ba a san wanda ya bai wa goggonni waya ba, amma iyalan marigayin suna ganin yana da hannu a wannan rashi. Kafin ayari ya kai Bafang washegari, Goggo Kenne ta ji komai, ta fito da kujera ta zauna a gefen kwalta.

"Wake ta ba ka? Wake kaɗai?" Ta leƙa buhun ta taɓe baki. "Meli tun tana yarinya hannunta a dunƙule yake. Sauka, ɗana, bari ka ga yadda ake aika saƙo."

Ta ɗora nonon agada wanda sai da mutum biyu suka ɗaga, da galan na manja, da zakara ja a kwando. Ta ɗaure nata a kan na yayarta, ta tabbatar ƙullinta ne a sama. 'Yan ƙungiya kuwa suna zaune a inuwa suna cin gasasshiyar masarar da ta raba musu, ba wanda ya buɗe baki ya ceci marigayi, domin bakin kowa a cike yake.

Daga nan alamu suka fara bayyana. Wayoyin tayar baya suka soma tsinkewa ɗai-ɗai, tis, tis. Tayar ta koma tafiyar agwagwa. Manja yana ɗiga a kan sarƙa, abin da ya sa marigayin ya yi shiru na ɗan lokaci, har wasu suka ɗauka sauƙi ne.

"Kwance ka jefa a mota mana," in ji Simo. "In mun kusa gida sai mu mayar. Wa zai gani?"

"Ƙulli zai faɗa."

"Ƙulli yana magana ne?"

"Da babana yana yi."

Duk da haka, a wannan yanayin ne marigayi ya yi aikin da za a daɗe ana tunawa da shi. A babbar gangarar da ke bayan Bafang, nauyin goggonni biyu ya haɗu da nasa, ya saki jiki. Ya wuce Simo. Ya wuce Kyaftin Wamba, wanda rabon da a wuce shi a gangara tun kafin ya yi furfura. Ya wuce motar tumatir, yaran motar suka tashi tsaye suna tafi. Zakara yana cara, ƙararrawa tana bugawa ba ƙaƙƙautawa, iska ta cika rigar Dongmo, shi kuwa dariya ta kama shi har hawaye suna komawa cikin kunnuwansa. An bai wa birki shawara, ya ce ba yau ba. Sun tsaya ne a cikin gonar gwazar wata baiwar Allah, a tsaye cak, ba abin da ya zube. Matar ta dube su, ta dubi gwazarta, ta ce tunda ba a mutu ba a karɓi fiya huɗu a ƙara a kai.

A Santchou, ƙasan dutse, Goggo Magne ke aure. Uwar tagwaye ce, kuma kowa ya san ba a ce wa uwar tagwaye a'a, ko da basarake ne. Ta tanadi shinkafar kwari da 'yar akuya baƙa mai farin goshi.

A nan ne Kyaftin Wamba ya cire hularsa ya sa baki.

"Uwar biyu, a yi mana afuwa. Dutse ne a gabanmu, keken nan kuma ya tsufa."

"Wamba, kai ne za ka gaya mini keken babana?" in ji ta. "Wannan ya ɗauke ni da cikin tagwaye har asibiti, ana ruwa. Akuya ce za ta gagare shi?"

Kyaftin ya mayar da hularsa. Aka ɗora shinkafa, aka ɗora kwandon akuya a can ƙololuwa, inda take kallon duk kwarin Santchou kamar ita ta saye shi.

Duk wanda ya taɓa hawan Dschang ba ya buƙatar bayani. Lanƙwasa tana haifar lanƙwasa, hazo yana saukowa ya taryi mutum, manyan motoci suna kuka kamar a tausaya musu. Dongmo ya tura, ya hau, ya sauka ya sake turawa. Marigayi bai yi ƙorafi ba, sai dai nishinsa ya canza, ya zama gajere, iƙ, iƙ, iƙ. Sun wuce rabin dutsen, aka zo wani wuri da hanya ta ɗan kwanta, Dongmo ya hau ya miƙe tsaye a kan feda don ya kamo sauran. A nan marigayi ya yi maganarsa ta ƙarshe. Ya ce ƙas.

Wuyansa ne ya karye. Tayar gaba ta ci gaba ita kaɗai 'yan taku, kamar ba ta ji labari ba, sannan ta kwanta a ciyawa. Sauran jikin ya durƙusa a hankali, ba tare da ya yar da kayan kowa ba.

Dongmo ya zauna a bakin lambatu. A-kori-kura ta iso, direban ya sauko ya buɗe bayan motar. Dongmo ya dubi ƙofar nan a buɗe, ya ga a zuciyarsa tela zaune a rumfa yana taka keken ɗinki, ya ga kansa a gefen titi yana neman wata sabuwar sana'ar da zai bari. 'Yan ƙungiya suka dawo ɗaya bayan ɗaya suka kewaye su. Simo ya juya wurin shugaban tafiya.

"Kyaftin," ya ce, "keken nan ɗan ina ne?"

"Ɗan bayan Dschang."

"To, tun da nake ban taɓa jin an bar namu a hanya ba. Wanda ya mutu a Douala ma gida ake kai shi."

Direba ya buga bayan motarsa ya ce ai ga ta nan.

"Rufe," in ji Kyaftin Wamba. "Dattijon da bai taɓa shiga mota yana raye ba, ba za a fara yi masa yau ba. Ku sauka kwarin can ku roƙo mana gwangwala."

Haka aka yi makara. Aka kwantar da marigayi a kai, da wakensa da agadarsa da manjansa da shinkafarsa da zakara da akuya, ba a taɓa ƙulli ko ɗaya ba. Yayyafi ya sauko, aka rufe shi da tamfol. Mutum huɗu suna ɗauka, sauran suna tura kekuna bibbiyu, ana canji a kowace lanƙwasa. Dongmo ya kama kusurwar gaba ta dama, kuma duk wanda ya zo karɓarsa sai ya ce masa a gaba, a gaba. Ba a karɓe shi ba har gida.

Da suka ɓulla saman dutse suka shiga hanyar ƙauye, mata suna dawowa daga gona. Suka ga samari cikin kaya iri ɗaya, jiƙe sharkaf, ɗauke da makara a rufe, suna tafiya a hankali. Ba su tambaya ba, domin ba a tambaya a irin wannan. Suka sauke kwandunansu suka ɗora hannu a ka, kuka ya tashi. Na gaba suka ji suka kama. Kafin a wuce majami'a ayarin ya ninka, wata ma har ta fara lissafa halayen kirkin mamacin. Kyaftin Wamba ya yi ta ɗaga hannu zai yi bayani, aka ɗauka lallashi yake, aka ƙara murya.

Sai akuya ta yi kuka a ƙarƙashin tamfol.

Masu kuka suka ja da baya. Wata tsohuwa ta matso ta ce, "Wannan mamacin bai gama magana ba." Ta ɗaga gefen tamfol da sandarta, ta daɗe tana kallo, ta sake shi.

"Keken tsohon Fopa ne," ta gaya wa na baya. "Shi ya kai uwata asibiti. Ni dai na riga na zubar da hawaye, ba zan kwashe su ba. Mu je, ai za a dafa wani abu."

Kuka ya koma waƙa, waƙa ta koma rawa, masu makara suna taku da kiɗa. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, labarin farko ya riga na biyu gudu. An je an gaya wa Baba Fopa cewa 'yan keke suna tafe da makara, kuma gidansa suka nufa.

Ya fito ba takalmi. Dongmo bai taɓa ganin mahaifinsa yana gudu ba sai ranar. Ya ratsa masu rawa, yana ture su, ya kai hannu zai yaye tamfol, sai ya ga wanda ke riƙe da kusurwar gaba ta dama. Ya tsaya. Ya dubi ɗansa tun daga jar lakar ƙafa har zuwa kafaɗar da gwangwala ta sale. Ya kama kunnen Dongmo, ya riƙe, kamar yana so ya ji ko da ɗumi. Ya daɗe bai saki ba.

"Ina motar?" ya ce.

"Tana baya, Baba. Jakunkuna ta ɗauko."

Aka sauke makara a ƙofar gida. Baba Fopa ya durƙusa yana bin ɗaurin da yatsa. Ya ce wannan na Magne ne, ya kwance. Wannan na Kenne, kullum sai ta hau kan mutane. Wannan na Meli. Ya ɗaga fiya huɗu ya tambayi ta wace ce, aka ce ta wata mai gwaza ce, ya ce Allah ya saka mata. Bai yi maganar rumfa ba, Dongmo ma bai yi ba.

Da gari ya waye aka tarar da mabuɗi rataye a ƙahon marigayin. Dongmo ya je ya durƙusa zai yi godiya.

"Ni ba kai na bai wa ba," in ji Baba Fopa, yana ɓare koki. "Shi na ba, shi ya yi aikin. In yana da magaji, sai a gani ranar makoki."

Marigayi ya rasu ya bar tayar gaba, wadda ke cikin ƙoshin lafiya amma ba ta san inda za ta nufa ba. Da famfon ba da iska, abokin zamansa na shekaru. Da ƙararrawa, wadda ba ta ce uffan ba tun ranar. Ya bar akuya ɗaya, da zakara ɗaya wanda ba a sa ran zai wuce ranar Asabar. Ya bar goggonni uku, kowacce tana cewa kayan sauran biyun ne suka kashe shi. Ya bar 'yan ƙungiya masu ciwon kafaɗa, da tela ɗaya da ake roƙon jama'a su taya shi haƙuri.

Za a yi makoki ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a gaban rumfar Fopa da ke bakin titi. 'Yan ƙungiya za su zo cikin kayansu, su zagaya gawar sau ɗaya a kan kekuna, a hankali, banda Simo da aka ba aikin jawabi da sharaɗin kada ya wuce dahuwar shinkafa. Ba za a binne marigayi ba, domin ƙasa ta ci ƙarfensa iya ci tun yana raye. Za a rataye shi a saman ƙofar rumfar, fuskarsa tana kallon gangara. Duk mai keken da ke tari ko ɗingishi ya zo da shi, za a duba shi a wurin, don kada a sake irin wannan rashi.

Bayan an ci abinci, Baba Fopa zai tashi ya kama hannun magaji a gaban jama'a, kamar yadda ake yi wa kowane dattijo. Ana sanar da 'yan uwa na kusa da na nesa cewa mutum ɗaya ne ya nema, kuma tun jiya yake share rumfar.

Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa gangara ce a gabansa.